Ɗaukar hoton jiragen yaƙi a bikin baje kolin jirage a ƙasar waje

Wani mai ɗaukar hoto daga Sakkwato, wanda sana'arsa hoton biki ne da suna da hawan sallah, ya aiko da tambaya. Ya samu damar zuwa Ingila a watan Yuli, kuma yana son halartar bikin jiragen soja da ake yi a sansanin Fairford. Kyamararsa Canon ce mai ƙaramar sensa, wato ɗan farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara, da lensi biyu, 18-55mm da 70-300mm. Yana son sanin ko kayan nan sun isa ko sai ya sayi babban lensi, da yadda zai saita kyamara, da yadda zai yi da cunkoso, da kuma ko ba za a kama shi ba don ya ɗauki jirgin soja.

Malam, kayanka sun isa, kada ka ci bashi don lensi. Ga lissafin. Faɗin sensar kyamararka kusan milimita 22 ne. Idan ka zuƙo lensi zuwa 300mm, jirgi kuma yana nisan mita 300 daga gare ka, faɗin abin da hoton zai ɗauka mita 22 ne. Tsawon jirgin yaƙi F-16 kusan mita 15 ne, ka ga ya cika kashi biyu cikin uku na hoton. Da 55mm kuwa, a wannan nisan, faɗin ya haura mita 120, jirgin ya koma kamar ƙuda a jikin bango. Don haka 18-55mm na jiragen da aka ajiye a ƙasa ne, 70-300mm na sama. Masu 100-400mm da 150-600mm za su fi ka samun jirgi idan ya yi nisa, amma hoton jirgin da ya kai kilomita ɗaya ba kasafai yake kyau ba ko da wane irin lensi, saboda iskar da ke tsakani. Kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta a hanyar Illela cikin watan Afrilu, ita ce ke tashi daga titin jirgi idan rana ta buɗe, ta narkar da gefen jirgi kamar an shafa masa mai. Babban lensi ƙara girmanta yake yi. Ka jira jirgi ya matso, shi ne maganin.

Nisan da ke tsakanin 'yan kallo da jirage ba zai ragu ba, don doka ce ta shata shi. A Ingila jirgin yaƙi mai gudu ba ya kusantar layin 'yan kallo ƙasa da mita 230. An tsananta irin waɗannan ƙa'idoji a Turai bayan haɗarin Ramstein a Jamus a 1988, inda jiragen Italiya suka yi karo mutum 70 suka rasu, an kuma ƙara tsanantawa a Ingila bayan haɗarin Shoreham a 2015. Ka ɗauka aikinka tsakanin mita 250 ne zuwa 600.

Abin da ya fi lensi muhimmanci shi ne inda ka tsaya da inda rana take. A Sakkwato ka saba da rana a tsakar ka. A Ingila ko da tsakar ranar Yuli tana karkace ta kudu, ba ta hawa ka. Fairford ta yi maka gata a nan: titin jirgin ya miƙe ne gabas da yamma, tsawonsa kusan kilomita uku, 'yan kallo kuma suna kudu da shi suna fuskantar arewa, don haka rana na bayanka mafi yawan yini. Da safe ka fi samun haske a jiragen da ke hagunka, ta yamma, da la'asar kuma waɗanda ke damanka, ta gabas. Idan wata rana ka je bikin da ake yi a sansanin Waterkloof kusa da Pretoriya a Afirka ta Kudu, lissafin ya juye, can rana ta arewa take bi. Duk bikin da za ka, ka buɗe taswirar filin tun kana gida ka ga ina 'yan kallo ke fuskanta.

Mutanen da ke zuwa Fairford a kwanakin bikin sun haura dubu ɗari, kuma tikiti tun kafin lokaci ake saye, yakan ƙare. Da sanyin safiya ake kama fara: ka kasance a layin shiga kafin a buɗe ƙofa, da an buɗe ka wuce kai tsaye zuwa igiyar gaba, kada ka tsaya kallon jiragen da aka jera. Kowa tsakiyar fili yake rububi, inda lasifika da rumfunan manya suke. A ganina tsakiya ta mai kallo ce. Mai hoto ya fi riba idan ya matsa can gefe, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon titin daga ƙarshensa. A nan jirage ke karya kwana su dawo, kuma jirgin da ya kwanta a kwana shi ke nuna maka bayansa, da fikafikansa a shimfiɗe da matuƙi cikin gilashi. Daga tsakiya yawanci gefe kawai za ka samu ko ciki. Sannan ka lura da iska, don jirgi iska yake fuskanta wajen tashi da sauka. Idan daga yamma take busowa, daga gabas za su fara gudu, su ɗaga ƙafa kafin tsakiya ko daidai nan, su sauka ta gabas. Mai son hoton hayaƙin taya lokacin sauka gabas zai tsaya, mai son wutar da ke fita daga bayan inji lokacin da jirgi ya ɗaga ya wuce shi sai ya matsa yamma. Ba za ka samu duka a rana ɗaya ba.

Ka shimfiɗa darduma ko ka kafa 'yar kujera mai naɗewa ta riƙe maka wuri, ka gaisa da maƙwabcinka, don shi zai duba maka kaya idan ka zagaya. Azahar takan shiga bayan ƙarfe ɗaya, ana tsakiyar wasa, ka tanadi gorar ruwan alwala a jaka. Idan ba ka samu gaba ba, kada ka cusa kanka a sahu na uku inda kawuna da huluna da wayoyi za su cika maka hoto. Ja da baya mita 20 ko 30 zuwa inda ya yi sarari. Jirgin da ke sama, mita 30 ba ta rage masa komai, tashi da sauka kawai ka rasa. Tsani da lema da tanti kuwa, bukukuwa da dama sun hana su a gaba, ka karanta ƙa'idar tikitinka. Maƙalin kyamara mai ƙafa uku ma bar shi a gida, jirgi zai bi ta saman kanka ƙafafun su harɗe ka.

Yanzu saiti. Juya kyamara zuwa Tv, masu Nikon da Sony S ne a wajensu, kai ka zaɓi saurin shota, kyamara ta zaɓi ƙofar haske. A nan ne mafi yawan mutane ke ɓata hotonsu, don sun ɗauka jirgi jirgi ne. Iri uku ne, kowanne da shotarsa.

Jet mai gudun kilomita 900 a awa yana cin mita 250 a daƙiƙa ɗaya. Ko a 1/1000 na daƙiƙa ya matsa santimita 25 kafin shota ta rufe. Abin da ke ceton hoton shi ne kana bin sa da kyamara. Fara da 1/1600, idan hannunka bai zauna ba ka hau 1/2000. A rana tangaran, 1/1600 da ISO 400, wato ƙarfin karɓar haske na sensa, za su ba ka ƙofar haske kusan f/8, wanda nan ne lensinka ya fi kaifi, don a f/5.6 yakan yi laushi a 300mm. Idan hadari ya rufe, abin da ba a rasa shi a Ingila, ka bar ISO ya hau da kansa har 1600. Hoto mai ɗan tsakuwa ana gyara shi, wanda ya girgiza sai shara.

Jirgi mai farfela kuwa, 1/1600 kashe shi take yi. Farfelar za ta tsaya cak, jirgin ya zama kamar injinsa ya mutu ko an rataye shi da zare. Ɗauki misalin Super Tucano irin wanda Najeriya ta karɓa a 2021: ruwan farfelarsa biyar ne, tana juyawa kusan sau 2000 a minti, wato sau 33 a daƙiƙa. Kafin ka ga cikakken da'ira, kowane ruwa sai ya kai inda na gabansa yake, kashi ɗaya cikin biyar na zagaye, wato kusan 1/160. A 1/320 za ka samu rabin haka, kuma ya isa ya nuna motsi. Don haka ka fara da 1/320, ka tabbatar ka samu masu kyau, sannan ka sauko 1/200 da 1/160. Idan jirgi zai sauka ko yana tafiya a ƙasa sai ka ƙara saukowa.

Helikwafta ta fi wuya. Manyan fikafikan helikwaftar Chinook sau 225 kawai suke juyawa a minti. A 1/1000 da ƙyar suke matsa digiri ɗaya, a 1/100 sun matsa digiri 13 da ɗoriya. Sai ka sauko 1/125 zuwa 1/60, kuma a 300mm da hannu, hoto takwas cikin goma zai iya lalacewa. Haka abin yake ga kowa. Sa'ar ita ce helikwafta takan tsaya a sama wuri ɗaya, lokacin za ka rage zuƙowa zuwa 200mm, ka matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ka saki hoto biyar ko shida a jere, na tsakiya yawanci shi ke fita.

Sassauta shota yana jawo wata matsala. A rana mai ƙarfi, 1/125 da ISO 100 za su tura ƙofar haske zuwa f/16 ko fiye, a nan kuma duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama. Kyamarar da ta sha hunturun Sakkwato ana canza mata lensi a filin hawa, ba shakka tana da ƙura, ba ka gan ta ba ne don a f/4 kake ɗaukar amare. Gwada yau: sa f/22, ɗauki farin bango ko sama ba tare da fokas ba, ka zuƙo hoton a kwamfuta. Share da famfon iska na roba, bakin kyamara na kallon ƙasa, kada ka hura da baki. Wadda ta manne sai an goge da abin goge sensa, idan ba ka saba ba ka kai wa mai gyara. Sannan ka nemi filta ND4, gilashin rage haske da ake ɗaurawa a bakin lensi, ta mayar da f/16 zuwa f/8. Girmanta na rubuce a bakin lensi ko a cikin murfinsa. Ka cire ta idan jet ya fito, ka kuma mayar da shota. Mantuwar mayar da shota bayan helikwafta ita ce kuskuren da ya fi cin hotuna a irin wannan wuri, jirgin yaƙi Typhoon ya zo da rugugi kai kana kan 1/100. Idan kyamararka na da C1 da C2, ajiye saitin jet a ɗaya, na farfela a ɗayan.

Jirgin yaƙi yawanci ruwan toka ne, sama kuma fari fat. Ma'aunin haske zai ga farin ya yi yawa ya rage, jirgi ya fito baƙi ƙirin. Ƙara haske da +2/3 idan sama shuɗi ne mai fari-fari, +1 zuwa +1 1/3 idan farin gajimare ne. Idan baƙin hadari ne a baya, rana kuma ta haska jirgin, mayar da shi sifili ko ƙasa kaɗan, kuma a wannan yanayi ne ake samun hoton da ya fi kowanne kyau. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, don cikin jirgi kullum a inuwa yake, sai an ɗago shi a gyara.

Fokas ya zama AI Servo, wato AF-C a wasu kyamarori, wanda ke bin abu mai motsi, da rukunin ɗigon fokas na tsakiya. Ɗigo ɗaya zai zame daga jirgi ya faɗa sama, lensi ya yi ta kai da kawo yana nema. Dukkan ɗigo kuwa za su kama bishiya ko kan mutum lokacin tashi. Idan lensi ya ɓace, kada ka yi ta danna, nuna shi kan wani abu mai nisa a ƙasa ya dawo, sannan ka ɗaga. Lensi mai maganin girgiza, idan yana da mataki na 2 ka sa shi can, shi aka yi don bin abu a kwance. Idan ba shi da shi, a 1/1600 kashe shi ba asara. Masu kyamara marar madubi su yi hattara da shota marar ƙara, a kyamarori da yawa takan lanƙwasa farfela ta zama kamar lauje.

Bin jirgi aikin ƙugu ne, ba na hannu ba. Ka kafa ƙafafu suna fuskantar inda kake son ɗaukar hoton, ka murɗa jiki zuwa inda jirgin zai fito, ka kama shi tun yana nesa da lensi a 100mm ko 135mm, ka zuƙo yana matsowa, ka fara danna idan ya cika rabin hoto, ka ci gaba da bin sa ko bayan ka saki. Wanda ya tsaya cak lokacin dannawa, wutsiya zai samu. Kada kuma ka bi ƙara. Sauti mita 340 yake yi a daƙiƙa, jirgin da ke nisan mita 700 ƙararsa sai bayan daƙiƙa biyu za ta iso, lokacin ya yi gaba da rabin kilomita. Dubi gaban ƙarar, ko ka dubi inda tsofaffin masu hoto suka nuna lensinsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma filin gwajinka na nan gida. Babur mai gudun kilomita 40 a awa da ya wuce ka a nisan mita 15, saurin da za ka murɗa jiki ka bi shi kusan daidai yake da na jet mai mita 250 a daƙiƙa a nisan mita 300. Ka samu aboki mai kabu-kabu ya yi ta wuce ka a hanyar da ba cunkoso, ka ɗauke shi a 1/125 har sai fuskarsa ta fito tas bayansa ya zama zane-zane. Don koyon kama ƙaramin abu a sama da gyaran haske, shirwa da balbela a fadamar Kwalkwalawa sun ishe ka. Mako uku, rabin awa kullum.

Ayarin jirage masu hayaƙi mai launi, irin Red Arrows na Ingila ko Patrouille de France, baya ake ja musu, 70mm zuwa 135mm, don hayaƙin da siffar jerin su ne hoton. Haka manyan jiragen ɗaukar kaya, C-17 tsawonsa mita 53, a 300mm sai dai ka ɗauki hancinsa. Inda jirage biyu ke tunkarar juna su gifta, zaɓi ɗaya ka bi shi, ɗaya idon a buɗe, shota 1/2000 ko fiye, ka fara saki kafin su haɗu. Idan kowanne na gudun kilomita 600 a awa, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da mita 333 a daƙiƙa, ko kyamararka na harba goma a daƙiƙa akwai mita 33 tsakanin hoto da hoto, jirgin kuma bai kai rabin haka ba. Rabo ne, kada ka zargi kanka. Wani abin da ba za ka gani a busasshiyar iskarmu ba shi ne farin tururin da ke lulluɓe fikafikai idan matuƙi ya karya kwana da ƙarfi cikin iska mai laima. Bayan ruwan sama ya ɗauke, ka zuba ido a kan kwana.

Jiragen da aka jera a ƙasa ka bar su sai yamma, bayan an tashi daga wasa mutane sun nufi motoci. Ka durƙusa ƙasa ka ɗauka daga ƙarƙashin igiya, ko ka zuƙo ka ɗauki yanki kawai: bakin inji, tambarin runduna, ƙafar jirgi.

Wasan yakan kai awa bakwai zuwa takwas. Hoto 2000 zuwa 3000 a rana ba abin mamaki ba ne, kowane RAW kusan megabayit 30, ka ga gigabayit 60 zuwa 90. Ka tafi da memori uku masu gigabayit 64, masu alamar sauri V30, don mai nawa zai sa kyamara ta shaƙe daidai lokacin da jirgi ya kwanta. Batir uku, kuma a jakar hannu ake shiga jirgi da su, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Soket ɗin Ingila irin namu ne mai baki uku. Ka sayi abin toshe kunne, ka ɗauki rigar ruwa da rigar sanyi ko da gari ya waye da rana, da babbar leda da robar ɗauri don rufe kyamara.

Batun kamu: a cikin filin biki, da tikitinka, ɗaukar hoto halal ne, don a gani aka kawo jiragen. Kada ka tsallake igiya, kada ka ɗauki shingen bincike da masu tsaro, idan aka ba ka damar shiga cikin jirgi ka tambaya kafin ka ɗaga kyamara. Jirgi marar matuƙi ko kusa kada ka je da shi. Haɗarin yana wajen fili ne da wasu ƙasashe. A 2001 an kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 a sansanin Kalamata na Girka, a ranar da aka buɗe sansanin ga jama'a, aka same su da laifi a shari'ar leƙen asiri, sai a ɗaukaka ƙara aka wanke 13 daga cikinsu a 2002. A 2015 an tsare wasu 'yan Birtaniya uku na makonni a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saboda rubuta lambobin jirage kusa da filin jirgin Fujaira. Don haka idan Dubai za ka wata rana, inda ake bikin a watan Nuwamba na shekarun da ba su rabuwa biyu, kyamara ta koma jaka da zarar ka fito ƙofa. Rediyon sauraron matuƙa ma kada ka saya, tambayoyin da zai jawo maka a filin jirgi sun fi amfaninsa.

Wannan ya shafi gida ma. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro a Najeriya ba da izini ba, kuma da halin da ake ciki a yankinmu, mutum da dogon lensi a gefen filin jirgin Sultan Abubakar III ko kusa da barikin Giginya ba zai samu lokacin yin bayani ba. Gwajinka ya tsaya kan babur da tsuntsu. Ka ajiye tikitin bikin da takardar shirinsa a jakar kyamara har ka dawo, don idan wani jami'i ya buɗe memori ya ga jiragen yaƙi dubu biyu, takardar ce za ta amsa masa.